Hoton da Zainab Ta Roƙa

Juma'a, bayan Isha'i, Doha

Yau hutuna ne. Sani direba ya kwashe mu, mu huɗu, zuwa tsibirin nan na arewa, gaba da Al Khor. Tun zuwana 'yata Zainab ke naci, "Baba, turo hoton da ba ka cikin kayan gadi." Don ita na je, har farin kaftanina na goge.

Wurin tsit. Itatuwa tsaye cikin ruwan gishiri, ƙaguwa na gudu a taɓo. Su Sani suka tuɓe takalma suka faɗa ruwa. "Yalla, Habu, shigo mana!" in ji Sani. Na ce su je, zan duba musu kaya. Ba wanda ya sa ni. Ban ji daɗi ba, ban kuma ji haushi ba. Wani baƙo ma ya ajiye jakarsa kusa da ni, ya wuce abinsa, ni kuwa na matsa na tsare ta.

Da za mu taho Sani ya ɗauke ni hoto, na tura gida. Ɗazu na buɗe saƙon muryar Zainab. Ta ce ruwan ya yi kyau, kaftanin ma. Sai ta ce, "Amma Baba, can ma gadi kake yi?"

Na sake duba hoton. Ƙafafuna a ware, hannuwana a baya, takalman mutane jere a gabana. Gobe ƙarfe biyar ina bakin get.