Direba da Matacciyar Fanka

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar Mama? Ki ce mata ina cin abinci, ta kwantar da hankalinta.

Aiki alhamdulillahi. Har yanzu makarantu nake zagayawa, ina lallashin iyaye su bar 'ya'yansu su shiga ajin koyon sana'a. A wata makarantar an ce in ɗalibai ba su ƙaru ba, za a rufe ajin gyaran kayan wuta. Na gaji da yi wa kujeru jawabi, sai na aika cewa ranar taro kowa ya zo da abin da ya lalace a gidansa. Sai ga dutsen guga da rediyo jingim.

Wani direba da ya rantse 'yarsa ba za ta taɓa wayar wuta ba ya kawo matacciyar fanka. Ashe yarinyar takan leƙa ajin lokacin hutu. Ita ta kwance fankar, ta ɗaura, ta kunna. Ya zauna yana shan iskar, can ya ce, "Malama, kuna karɓar firji?" Aji dai ya tsira.

Ɗakina ƙarami ne, shirun yamma kan yi min yawa, amma ana sabawa. Ki turo min muryar yara, ko da faɗa suke yi.

Fankar ɗakin Mama da ta lalace kuma kada ku jefar. Yarinyar nan ta fara koya min gyara.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki,
Auta