Duwatsun Kusurwar Gona

Litinin, 4 ga Maris

Na share kusurwar gonar ƙasa. Awa biyu kacal da tarakta. Ƙananan duwatsun nan da suka daɗe suna tare min hanya, na kwashe su na zuba a kwari. Marigayi Baba bai taɓa bari ko saniya ta taka wurin ba. To, yanzu gonar a hannuna take.

Alhamis, 7 ga Maris

Matata Orla ta gani. Ta shigo ko takalman ruwa ba ta cire ba. "Fintan, ka haukace ne? Makabartar jarirai ce fa!" Na ce an fi shekara sittin ba a binne kowa a can ba. Ta ce, "Sai me? Tashi suka yi suka bar wurin?"

Na san abin da ke wurin, kowa ya sani. Jariran da suka mutu ba a yi musu baftisma ba, aka hana su makabartar coci. Ba suna, ba gicciye, dutse ɗaya ɗaya. Shekara ashirin da aurenmu, yau ta fara zuba shayinta ita kaɗai.

Talata, 19 ga Maris

Gráinne, tsohuwar malamar makarantarmu, ta zo da takardunta. Kwamitin ƙauye yana rubuta wuraren tarihi: kangon coci, rijiyar waliyyi, tsohuwar gada, da kusurwata. Ta ce tana so ta je ta gani. Na ce ruwa ya cika wurin, ta bari ƙasa ta bushe. Ƙaryar ta fito sumul, har na ji tsoron kaina. Ta ce doka ta hana taɓa irin waɗannan wurare. Na ce ai na sani.

Asabar, 6 ga Afrilu

Ina garke na hango maƙwabciyata Nuala, mai shekara tamanin da huɗu, tana tsallaka gonar da sanda, furanni a hannu. Ta kai kusurwar ta tsaya cak. Ta juya nan, ta juya can, kamar wadda ta ɓata a kasuwa.

Na je. Na ce 'yan aikin da na ɗauka ne suka yi ban sani ba. Ba ta ko dube ni ba.

"Dutse na bakwai daga bishiyar ƙaya," ta ce. "Yarinya ce. Awa uku ta yi a duniya."

Na ce ban taɓa jin ta haihu ba.

"Wa zai faɗa maka, ɗan Peadar? Ubanka ne ya haƙa ramin, mijina ya kasa riƙe shebur."

Ta ajiye furannin a kan sawun taya.

Lahadi, 7 ga Afrilu

Ban je coci ba.

Laraba, 17 ga Afrilu

Kwana goma ina wuce ƙofarta. Yau na ƙwanƙwasa. Kafin in zauna na ce, "Nuala, ni ne. Babu wasu 'yan aiki."

"Na sani. Tagata tana kallon gonarka, na ga taraktarka ta yi ƙasa ranar. Ban dai zaci can ka nufa ba. Zauna, ka tsaya min a ka kamar dogon sanda."

Ta yanka min burodi, ta shafa man shanu. Da zagina ta yi da na fi samun sauƙi. Ta ce sunan yarinyar Sorcha, kuma tun rasuwar mijinta ba ta ji sunan a bakin kowa ba. "Faɗa in ji." Na faɗa. Na sake maimaitawa.

Asabar, 27 ga Afrilu

Na kira Gráinne na faɗa mata komai. Ta ce dole ta kai rahoto. Na ce ta kai.

Kwana huɗu ina dawo da duwatsun daga kwari a baro. Tarakta ba za ta sake shiga can ba, dama ƙasar ba ta da kyau. Ban san wanne ne na wa ba. Nuala tana zaune a kujerar da Orla ta kawo mata, tana nuni da sanda: matsa, ba nan ba, kai dai ba ka da ido. Talatin da ɗaya ne.

Da na ɗauki na ƙarshe, sai na ji bakina yana yi masa magana a hankali, yadda nake yi wa sabon maraƙi. Ba wanda ya ji. Gajiya ce, ina tsammani.