Harshen Seyni da Askar Kimba

Zuwa ga ɗana Hamani a Kumasi,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya, kasuwa kuma tana tafiya. Allah ya tsare min kai a ƙasar mutane. Mu nan Gamkalle lafiya lau, sai gwiwata da ba ta gajiya da ƙorafi.

Maganar ɗanka Seyni ce ta sa na rubuto. In'inarsa ta ƙaru, har ya daina gaishe da manya, in an yi baƙi sai ya laɓe bayan randa. Na shirya da Kimba wanzami ya zo ya ɗan tsaga masa ƙarƙashin harshe yadda aka saba. Sai matarka Zalika ta kai shi wurin wata yarinya a asibiti, wai likitar magana. Na bi su, don hankalina bai kwanta ba. Hamani, babu allura, babu ƙwaya, ko bakin yaron ba ta leƙa ba! Tabarma ta shimfiɗa suna wasa da motar gwangwani, tana jan magana kamar mai jin barci. Wai mu za a gyara: kada mu ƙarasa masa kalma, kada mu ce ya nutsu, mu dube shi mu jira. Na ce mata, 'yar nan, jikana ne ba shi da lafiya ko ni? Ta yi dariya ta ce, Inna, ki dai gwada. Dariyar nan ban yarda da ita ba.

Ranar da Kimba zai zo ina tsinkar zogale, Seyni ya tsaya gabana, magana ta maƙale. Na ce bari in yi shirun nan nata, in samu abin ƙaryata ta. Na ajiye faifai, na dube shi, na jira har bakina yana ƙaiƙayi. Da ƙyar ya fito da ita, da kansa, har ƙarshe. Tambayata ya yi, wai in ya daina magana gaba ɗaya, za a fasa yanka masa harshe? Wallahi sai na rungume shi ina kuka. A bakin ƙofa na tare Kimba, ya koma bai kwance zabirarsa ba.

Kada ka ɗauka na yarda da yarinyar nan. Duk zuwa ina biye da su, idona a kanta.

Ka gaishe da kawunka Tinni da matarsa Gambi. Zalika tana gaishe ka. Seyni ma ya ce a gaishe da Baba. Ya daɗe kafin ya gama faɗa, amma na jira.

Mahaifiyarka,
Hamsatu