Ka Mayar Mana Da Shirun Waƙar Inna

Zuwa ga Ustaz, shugaban ƙungiyar makaɗa da 'yan amshi da ke Jidda,
Daga Rabi 'yar Malam Dauda, unguwar Rusaifa, Makka.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da girmamawa, da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da duk waɗanda ke tsayawa a gaban sandar da kake jan kiɗa da ita. Ba ka san ni ba. Ni ce mahaifiyar Sa'idu, dogon saurayin nan da ke layin baya na 'yan amshinka, wanda ka ɗauka bara daga wajen fentin bango don ka ji muryarsa. Sana'ata sayar da hatsin tattabaru a bakin Harami. Ka yi haƙuri da rubutuna. Sai da na haura shekara arba'in na koyi boko, a hannun wata malama 'yar Zariya da ta sauka gidanmu lokacin Hajji, shekarar da Turawa suka miƙa mulki a ƙasarmu. Yau kwanana huɗu a kan takardar nan. In na rubuta layi biyu sai in tashi in leƙa ɗakin mahaifiyata, in dawo in tarar na manta inda na tsaya.

Da Hausa na rubuta, domin da ita kaɗai nake iya magana ba tuntuɓe. Sa'idu zai juya maka ita zuwa Larabci. Na sa an kwafi ɗaya za a liƙa a shagon gahawar da dattawanmu ke zama a Rusaifa, ɗaya kuma a kai wa mutanenmu na unguwar Zahir. Ban so magana ta fita waje ba, amma sau biyu na zo ƙofarka ba a bar ni na shiga ba, kuma lokaci ba ya jirana.

Na ɗaya, abin da ya faru.

Ranar wata Alhamis cikin Rajab, bayan la'asar, muna tsakar gida ni da mahaifiyata, Inna Kande, muna tsince tsakuwa a hatsi. Maƙwabciyata ta shigo da rediyonta da gudu, wai ga ƙungiyar su Sa'idu. Mai gabatarwa ya karanta bayanin da ka rubuta. Ya ce tsohon kiɗan bikin aure ne na matan Hijaz, ba a san mai shi ba, kai ka tsamo shi ka shirya wa makaɗa arba'in. Sai aka fara. Ban kai ga gane shi ba Inna ta gane. Tiren hatsin ya zame daga cinyarta. Ta saurara har ƙarshe, ta dafa bango ta shiga ɗaki. Maƙwabciyar tana ta guɗa, ba ta san abin da take yi wa guɗa ba.

Na biyu, asalin wannan kiɗa.

Ustaz, yana da mai shi, tana raye, shekarunta sun wuce saba'in, tana kwance kamu goma daga inda nake zaune. Kuma babu aure a cikinsa.

Ina 'yar shekara biyar ayarinmu ya tashi daga ƙasar Katagum da ƙafa. Shekara bakwai muka yi a hanya. Ana tafiya, in guzuri ya ƙare a tsaya a yi noma ko tsintar auduga, a sake ɗaukar kaya. Mutane suna mutuwa. Ana haƙa rami a gefen hanya, a rufe, a wuce. Babu mai rubutu a ayarin sai mahaifina, shi ma takardunsa ruwa ya ci a wani mashigi. Sai Inna ta fara sa sunayen a waƙa don kada su ɓace. Duk wanda aka binne ta ba shi baiti ɗaya: sunansa, garinsu, inda aka bar shi, da alamar wurin. Na farko Tanko na Gamawa, a bakin kogi bayan garin Fallomi. Na goma sha ɗaya ƙanena Audu, ɗan shekara biyu, gabas da Abashe, gindin wata aduwa mai rassa biyu. Haka har Sawakin, bakin teku. Mutum sittin da uku.

Tun da muka iso Makka, kowace shekara ranar Ashura matan ayarin da 'ya'yansu suna taruwa gidanmu. Inna ta ja, mu amsa. Ba wasa muke da ita ba. Shekara biyu da suka wuce wani ɗan kasuwa daga Azare ya zo Hajji ta jirgin sama, yana cigiyar mahaifinsa da ya fita tun yana goye. Ya bi mutane har aka nuna masa ƙofarmu. Inna ta zaunar da shi ta ja waƙar. A suna na talatin da ɗaya mutumin nan, da babbar rigarsa da agogonsa, ya kifa fuska a tabarma. Ya koma gida ya san inda ubansa yake. Wannan ne aikin waƙar da aka ce ta amare ce.

Na uku, shirun.

Nan ne ciwon yake, ka saurare ni da kyau. In Inna ta kira suna, mu ce: «Mun bar ka, Allah bai bar ka ba.» Daga nan kowa ya yi shiru, gwargwadon karanta Ƙulhuwallahu ƙafa ɗaya a zuci. Ba mai tari, ba mai gyara zama. Shirun nan na mamacin ne, shi ne rabonsa a waƙar. Sai an cika shi Inna take kiran na gaba.

A abin da ka shirya, sunayen babu, an sa kalmomin Larabci na furanni da wata. Wannan da sauƙi. Amma duk inda shirun yake, ka zuba masa goge. Gogen nan naku da ake ɗorawa a wuya, goma ko fiye, suna hawa suna sauka kamar mata na rangaɗa guɗa, ganga tana bin su. Sa'idu ya gaya mini yadda aka yi. Kana wucewa ka ji yana rera karin yana fenti, yana tsayawa bayan kowane baiti. Ka ɗauka numfashi ne ke yanke masa saboda bai koyi waƙa a makaranta ba. Har ka ce masa kada ya damu, za ka toshe masa ramukan. Ramuka ne kuwa, Ustaz. Akwai mutane a ciki.

Abin da ya hana ni zama wuri ɗaya shi ne, kai ba jahilin wannan abu ba ne. Sa'idu ya sha ba ni labarinka, yana alfahari. Ya ce ka yi karatun kiɗa a Masar da ƙasar Turai. Ya ce ba ka taɓa ɗaga sanda a kan kiɗan Turawan nan na da ba sai ka zaunar da mutanenka ka gaya masu wa ya yi shi, a wane gari, yana cikin wane hali. Wannan an yi shi ne don jana'iza, wancan mai shi ya rubuta yana gudun hijira, saboda haka kada a kaɗa shi da fara'a. Ya ce akwai ranar da wani mai sarewa ya busa a inda aka ce a dakata, ka buga sanda a katako har ta tsage, ka ce masa shirun ma a rubuce yake, ba gonarsa ba ce. Na riƙe maganar nan tun lokacin don ta burge ni. To ina tambaya: mutanen da suka shekara ɗari da mutuwa a ƙasar sanyi ana bin asalin kiɗansu har ɗakin da suka zauna, amma namu tambaya ɗaya aka yi wa yaro mai bokitin fenti, aka rufe magana?

Na huɗu, namu laifin.

Ba zan ɗora maka kaya duka ba, ina tsoron Allah. Ka tambayi Sa'idu inda ya samo karin, shi ya ce maka na bikin matan Makka ne. Ƙarya ya yi. Ya yi ta ne don abokan amshinsa suna kiransa Takaruni, sunan da ake wa baƙaƙen da suka zo daga ƙasashenmu, in sun so tsokanarsa, suna kwaikwayon yadda kakarsa ke Larabci. Ya ji kunyar ya ce waƙar mutanen da suka zo da ƙafa ce. Ni kuma na fi shi laifi. A nan aka haife shi, na tashe shi da Larabci don kada a raina shi, ranar Ashura nakan tura shi wasa in ce zaman mata ne. Ya tsinci karin ta bayan bango, bai tsinci ma'anar ba. Da na tambaye shi me ya ɗauka muke yi in mun yi shiru, sai ya ce ya zaci tsofaffi ne ke hutawa. Ban iya yi masa faɗa ba. Wa ya gaya masa?

Na biyar, halin da muke ciki.

Inna kaɗai ta riƙe jerin. Mu amshi muka iya. Shekara da shekaru kanmu na sunkuye muna Ƙulhuwa, mun san sunaye a warwatse, amma wane ke bin wane, da alamar kowane kabari, wannan a kanta yake. Jerin kuwa shi ne hanyar. Abin da ya sa na dage na koyi rubutu da furfura ke nan. Tun bara nake zama da ita da safe, ta faɗi baiti ɗaya ko biyu in rubuta, don hannuna ba ya sauri, ita kuma ba ta yarda a faɗi suna a wuce ba a yi masa shirunsa ba. Mun kai ashirin da biyu.

Tun ranar Alhamis ɗin nan ba ta ƙara ko ɗaya ba. Na kawo littafin, na lallashe ta, na yi kuka, na kira ƙawarta Iya Tabawa, wadda suka taka hanyar tare, ta zo tun daga Zahir ta ce mata, «Kande, taurin kan naki har da matattu?» Inna ta juya fuska bango. Abin da ta ce kawai: «An cike wurinsu da goge. In na kira su, ina za su tsaya?» Ba ta yi wa Sa'idu baki ba, amma ba ta amsa gaisuwarsa, shi kuma ya daina zuwa gida. Ƙafafunta sun kumbura. Kunu rabin kofi take sha. Jiya ta kira ni da sunan ƙanwarta da ta rasu a hanya, tun muna tsintar auduga a Jazira. Saura arba'in da ɗaya, Ustaz, kuma mahaifina yana cikin na ƙarshe-ƙarshe. Na san a Sawakin ne. Ban san ta wane gefe ba.

Na shida, zuwana Jidda.

Na bar tirena wajen maƙwabciya na hau mota sau biyu. Zuwan farko mai gadi ya ce mata ba sa shiga. Na biyu ya ce kana aiki, in bar saƙo. Me zan bari? Sai na zaga ta bayan ginin, na taka wani bulo na leƙa ta taga. Na gan ka. Gajere ne kai ashe, da tabarau, rigarka ta jiƙe da gumi. Na ga ɗana a layin baya, idonsa a kan hannunka kamar ba shi da uwa a duniya. Ana tsakiyar kiɗa ka ɗaga 'yar sandar nan ka tsayar da ita a sama, mutum arba'in suka ɗauke wuta lokaci guda. Har ƙarar mota a titi na ji. A kan bulon nan na ce a raina, ashe mutumin nan ya iya. Abin da muke nema yana hannunsa.

Sa'idu ya ce kafin azumi za ku ɗauki kiɗan a faifan garmaho. Yau sha biyu ga Sha'aban. In ya shiga faifai ya tafi ke nan, za a kaɗa shi a gidajen biki daga nan har Kano, jikokin mutanen da ke cikinsa su taka rawa a kai.

Saboda haka ga abin da nake roƙo.

Ka dakatar da faifan har ka ji daga bakin mai waƙar.

Ka zo Rusaifa. In ka sauka a mota ka tambayi gidan Rabi mai hatsin tattabaru, ko yaro zai nuna maka. Ba mu da kujera, akwai tabarma mai tsabta da shayi. Ka gaya wa Inna da bakinka cewa ba ka sani ba. Ba a ce ka durƙusa ba. Tsohuwa ce, in ta ji babba ya taka ƙafa ya zo, ina sa rai za ta buɗe baki.

Ka sa a gyara bayanin a inda aka karanta shi, a rana irin wadda aka karanta shi, a ce waƙar Kande ce ta ƙasar Katagum, ta yi ta ne don waɗanda suka nufo Ɗakin Allah ba su iso ba. Zan ari rediyon in ajiye kusa da kunnenta.

In har za ka ci gaba da kaɗa ta, ba mu hana ba, Inna ba ta taɓa cewa tata ce ita kaɗai ba. Amma ka cire gogen daga inda ba wurinsa ba. Ka tsayar da sandarka a sama yadda na gani ta taga. In ba ka san tsawon shirun ba, karanta Ƙulhuwallahu a zuci, ba da gaggawa ba. Shi ke nan awonsa.

Na ƙarshe, kada ka kori Sa'idu saboda wannan takarda. Yana son aikin nan, kuma kana da haƙƙi a kansa na malami.

Kai kuma Sa'idu, da kake tsaye kana juya masa maganata, na san ka. Kada ka tsallake na huɗu. In ka gama, ka zo gida, ko da Ustaz ko babu. Kakarka ta tambaya ko ka ci abinci, ta ce kada in gaya maka.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, Ustaz. Allah ya sa ka gama da duniya lafiya, ya sa in taka ta zo a sami masu kiran sunanka su yi maka shiru. Littafin yana nan buɗe a kan tabarma, na rubuta lamba ashirin da uku, gabanta babu komai.

Wassalam.

Rabi 'yar Malam Dauda,
Rusaifa, Makka.