Baba Ya Nemi Kifi a Bakin Teku

Daga ofishin Babban Likitan Amurka baki ɗaya, zuwa ga Hajiya Rabi a Yawuri.

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya maigida da yara, ya ruwan bana?

Muna sanar da ke mahaifinku ya fara cin abinci. Kin san tun rasuwar Inna sai da lallashi. Ranar Asabar aka ɗauke shi daga garin Sterling, aka haye wata doguwar gada zuwa ƙauyukan masunta a bakin teku. Bas ba ta zuwa, sai da motarka da guzurinka, don mutanen can ƙaguwar teku suke ci.

Wata tsohuwa baƙar fata ta nuna mana maƙabartar kakanninta, bayin da aka kwaso daga wajenmu suka yi noman taba a can. Duwatsu ne kawai, babu suna. Baba ya ce, "Wa ke yi musu addu'a?" Ya cire takalmi, ya yi musu sallama, ya daɗe hannu a sama. Da muka fito ya ce, "Auwalu, nemo mini kifi." Aka kawo, ya cinye tas, har yana kushe tarun masuntan.

To, na tona kaina. Yaya, ba wani Babban Likita, ƙaninki Auwalu ne direban tasi. A gaida Gwaggo, a ci gaba da sa Baba a addu'a.