Rabon Birai a Bakin Kurmin Baba

Unguwar Kanya, Bagwai,
Jihar Kano.

Zuwa ga Yaya Kulu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki lafiya, ke da Alhaji da yara duka a can Kumasi. 'Yarki Khaulat ta ce ciwon gwiwarki ya lafa. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Mu nan sai godiya. Damina ta yi kyau, gero ya nuna, dawa ta fara fitar da kai. Luba matar ɗan'uwanmu Usaini ta sauka lafiya, an samu mace, an mayar da sunan Inna. Ni kuwa ina nan gidan Baba ni kaɗai. Tun rasuwar matata Maimunat ba na buɗe ɗakinta sai don shara, yaran kuma kowa yana bakin aikinsa a birni. Na rubuto ne maimakon in kira, domin maganar tana da tsawo, waya kuma ba ta barin mutum ya kai aya. Ki sa Khaulat ta karanta miki a tsanake.

Maganar kurmin nan ce na ƙarshen gonar Baba, mai kanya da ɗinya da ɓaure. Yanzu a duk kewayenmu shi kaɗai ya rage. Ko ina kika duba gona ce jingine da gona. A cikinsa garken jan biri yake tun muna yara. Za ki tuna yadda Baba yake yi: kunyoyin farko na bakin kurmi sai ya shuka masara da gyaɗa, ya ce rabon maƙwabta ne, ba a girbe su. Bayan kunyoyin ya yi shingen ƙaya, ya kafa rumfar gadi. 'Ya'yan itacen kurmin kuma ya hana a kaɗe. Ke kika fi kowa shan faɗa a kan kanya.

Da Baba ya rasu ina Kaduna wajen aikin jarida, gonar ta koma hannun Usaini. Iyali sun yi masa yawa, ƙasa ta yi kaɗan. A idonsa waɗannan kunyoyi asara ce, sai ya haɗe su da gona, ya cire shingen, ya bar wa masu gawayi yawancin ɗinyar. Biran da suka rasa abinci a ƙofarsu suka tsallaka zuwa gonakin mutane. Bana sun tone gyaɗar Barira, matar marigayi Malam Sani, kusan kaf. Na je na gani da idona. Ba ta ɗaga murya ba, ta dai ce birai ba su san gonar marayu ba. Bayan haka wani ya barbaɗa maganin ƙwari a masara ya ajiye a bakin kurmi. An tsinci gawar uwar biri da ɗanta maƙale a jikinta. Awakin Malam Najib da suka tsinke suka ci ragowar masarar, su ma suka mutu, haka ungulayen da suka sauka kan mushen. Ban ga wanda ya sa ba, don haka ba zan kama sunan kowa ba.

Mai unguwa ya tara mu a zaurensa. Mafi yawan mutane suka ce a sare kurmin kowa ya huta, Usaini ya goyi bayansu. Na ce musu sare itace ba ya ɓatar da biri; garken da ya rasa wurin kwana zai watsu ne cikin rumbuna da gidaje kafin yunwa da karnuka su ƙarasa shi. Na kawo shawara a koma hanyar Baba: a fitar da kunyoyin daga rabona na gonar da nake nomawa tun da na dawo gida, a mayar da shinge, a riƙa gadi bi da bi da sassafe da kuma la'asar, tunda biri ba ya ɓarna sai da rana. Na ce Barira kuma ta ɗibi gyaɗata a madadin tata. Malam Najib ya tambaya ko biran sun biya ni kuɗin lauya ne, ko kyauta nake musu. Aka yi dariya, ni ma na yi, don mutumin da ya rasa awakinsa yana da damar ya yi mini ba'a. Tun daga ranar sunana Lauyan Birai. A masallaci ana amsa gaisuwata, amma tabarmar ƙofar gida da ake taruwa bayan la'asar yanzu ni kaɗai nake shimfiɗa ta, ni kaɗai nake naɗe ta. Luba tana aiko da tuwo kamar kullum. Usaini ba ya leƙowa.

Ga inda ya shafe ki. Liman ya tuna wa jama'a cewa kurmin gado ne da ba a raba ba. Kashi biyar ne: biyu na Usaini, biyu nawa, ɗaya naki. Mai unguwa ya ce gatari ba zai taɓa ko reshe ba sai an ji daga bakinki. Idan kika haɗa naki da nawa, tsakiyar kurmin da manyan itatuwan za su tsaya, Usaini ya yanki nasa daga gefen hanya inda sabara ce kawai. Idan kika haɗa da nasa, abin da zai rage mini bai isa ya riƙe garke ba. Masu gawayi sun ce da an gama girbi za su dawo.

Yaya, ba zan ɓoye miki ba. Ba ni da tabbacin dabarar Baba za ta ci a yau. A zamaninsa akwai daji a bayan kurmin, yanzu babu. Buƙatar Usaini kuma gaskiya ce, na ga rumbunsa bara kafin damina. Na kuma san wani ɓangare na wannan naci nawa na mutum ne da ya rasa abokin hira. Da yamma nakan je in zauna inda rumfar gadi take a da. Biran sun daina guduna. Babban namijin yakan hau kanya ya zuba mini ido, ƙananan suna wasa a ƙasa. A garin nan wurin ne kawai nake zama ba tare da na kare kaina ba. Ki cire wannan daga lissafinki, ki duba sauran. Roƙona shi ne a gwada damina ɗaya. In ɓarna ba ta ragu ba, ni da kaina zan je zauren mai unguwa in ce na janye.

Ki gaishe mini da Alhaji da kyau, da Khaulat da Fadima da mai gidanta, da Aina'u. Luba tana gaisuwa. Na tabbata Usaini ma da ya san ina rubutu da ya ce a gaishe ki. Kada ki ɗauki maganar nan da zafi a kansa. Ki kira mai unguwa ki faɗa masa da bakinki kafin a girbe dawa. In kin ce a sare, ba zan riƙe ki a zuciya ba. Ki dai roƙa mini alfarma ɗaya a wurinsa: kada a sa ni in raka masu gatari in nuna musu iyaka.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninki,
Sha'aban.