Eriyar Motar Lawal

Ƙanena Sani,

"Yaya, kafin ruwan farko zan zo in zaɓa masa da kaina." Maganarka ce, a zauren gidanmu. Ga shi har an yi shuka.

Bayan haka, gaisuwa mai yawa. Yaya Ikko, yaya aikin waya, yaya Hauwa da yara? Mu nan Kwarbai lafiya lau, damina ta yi kyau, alhamdu lillahi.

Ofishin dabbobi sun ba ɗana Lawal mota jif, suka ce ya zaɓi wayar iska ta yin magana da Zariya daga daji. Da ya gaji da jiranka, ya ɗauki mai doguwar eriya, wai ta fi kwarjini. Ranar farko ta bugi saman ƙofar gari ta karye. Unguwa ta sha dariya, har da ni. Amma bara da rafi ya tare shi a ruga, ba labari, na daina cin abinci. Ba zan sake wannan zaman ba.

Yanzu sai an sake zaɓar wata, na kuwa karanta takardun bayanin wayoyin da ofishin suka ba shi. Akwai wadda ake rataya eriyarta a bishiya, wai ta fi kaiwa nesa. Kai ka sani.

Ka gaida Hauwa, ku sa mu a addu'a. Bayan Babbar Sallah zai fita rangadi. In ba ka zo kafin nan ba, jirgin ƙasa zan hau, in shimfiɗa tabarmata a bakin ofishinka.

Yayarka,
Asabe